Alhaji Gwadabe da Yawun Aro

Wani mutum ne a cikin birnin Kano, Alhaji Gwadabe mai turare, wanda in ka ce masa "ina kwana" sai ya amsa maka da "ahlan wa sahlan", ko da a bakin kwata kuka haɗu. Larabcin nasa ke nan gaba ɗaya, sai "shukran" da yake ajiyewa saboda manyan baƙi. Amma fa in ya zauna a majalisa bayan la'asar, ya yafa hirami a ka, ya kama karan hancinsa ya ja, to sai ka gyara zama.

"Ku dubi hancin nan da kyau," in ji shi. "Wannan hancin ƙasar nan ne? Kakan kakana daga Bagadaza ya taso, da raƙuma ɗari bakwai."

Wata rana Bagadaza ce, wata rana Yaman, ranar da ya ci ya ƙoshi kuma har Sham yake kaiwa. Raƙuman su ma ba sa zaman banza, tsakanin Juma'a da Juma'a sai su haifi ɗari biyu.

Sabitu wanzami ne kaɗai yake taka masa burki.

"Alhaji, ubana ne fa ya cire maka belu. Ya leƙa maƙogwaronka har ƙasa, bai ce ya hango Bagadaza ba."

"Kai me ka sani ban da aska?"

Abin da kowa ya sani a unguwar shi ne, gidan su Gwadabe gidan marina ne. Ubansa ya rayu ya mutu a bakin karofi. Wansa, Malam Inusa, har yau yana nan yana rini, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Mahaifiyarsu, Inna Yahanasu, tana nan da ranta a tsohon gida, ta haura tamanin, idonta garau, bakinta ya fi idon. In aka tuna wa Gwadabe da duk wannan, sai ya rage murya ya ce ai rinin ɓad-da-kama ne, kakansu ne ya kama shi don kada sarakunan lokacin su gane shi.

Ana nan sai ga wani malamin jami'a, Dakta Zakari, ya zo unguwar da izinin mai unguwa. Bincike yake yi a kan asalin mutanen birni, yana karɓar yawun maza a 'yan kwalabe, tsofaffi kuma ya goga musu auduga a baki. Da ya iso majalisa aka shimfiɗa masa tabarma, ya yi bayani a natse.

"Kowane ɗa namiji yana ɗauke da wata alama a cikin ƙwayar halittarsa. Uba ne kaɗai yake ba wa ɗansa ita. Uwa ba ta da hannu a ciki, 'ya mace kuma ba ta ɗauka. Daga kaka zuwa uba, daga uba zuwa ɗa, haka take tafiya shekaru dubbai. Masana sun raba alamomin gida-gida, kowane gida da harafinsa. Da haka ake gane waɗanne al'ummu ne suka haɗa kaka ta wajen uba, ko da yanzu ba sa jin yaren juna."

Sabitu ya matso. "Dakta, Larabawa wane harafi ne nasu?"

"Da yawansu J. Amma ba dukkansu ba. Harafi ba ƙabila ba ne, kuma zare ɗaya ne tak daga cikin kakanninka masu ɗimbin yawa."

Wannan ƙarashen babu wanda ya ji shi. Tun daga kan J ɗin, duk idon majalisa ya koma kan Gwadabe.

"Alhaji, ga ranarka ta zo," in ji Sabitu. "A kawo masa kwalba."

"Kwalba ɗaya? A kawo goma," in ji Gwadabe, yana dariya da ƙarfi. Amma bai miƙa hannu ba.

Dakta ya miƙa masa 'yar kwalba mai layi a tsakiya, ya ce sai yawun ya kai layin. Gwadabe ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya ɗaure fuska.

"A gidanmu ba a tofa yawu a gaban jama'a. Tarbiyyar Bagadaza ke nan. Gobe zan kawo maka a rufe."

Dakta mutum ne mai kunya. Ya ce to, a dai yi kafin a karya kumallo.

Washegari da sassafe, Gwadabe ya tsaya a ƙofar gidan Sidi Hamuda. Shi Sidi Hamuda Balarabe ne na gaske, wanda ba ya buƙatar jan hanci, jikan fataken Turabulus da suka zauna a birni tun zamanin ayari. Ya doshi casa'in. Gidansa katanga ɗaya ne da gidan su Gwadabe, shekara sittin suna maƙwabtaka. Mutanen unguwa sun saba kawo masa ruwa a kofi ya yi addu'a ya tofa, a kai wa mara lafiya.

Gwadabe ya same shi a zaure, an kawo masa shayi bai kai baki ba. Ya durƙusa, ya janye kofin shayin gefe da dabara.

"Baba Sidi, tofi na zo nema."

"Wa ne ne ba lafiya?"

Gwadabe bai shirya wa wannan tambayar ba. Abin da ya fara zuwa bakinsa shi ya fito.

"Ni ne. Basir."

"Subhanallahi. Mai tsiro?"

"Mai tsiro, Baba."

"To ina ruwan?"

"Wannan ba a sa masa ruwa. Tofin zalla ake so."

Sidi ya karɓi kwalbar, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce tuf, tuf, tuf, irin tofin malamai wanda iska ta fi yawu yawa. Gwadabe ya ɗaga kwalbar ya duba a hasken ƙofa. Ko gindinta bai jiƙe ba.

"Baba, a ƙara."

Tuf, tuf.

"A ƙara dai. Sai ya kai layin nan."

Tsoho ya dube shi ta saman tabarau. "Gwadabe, shekara saba'in ina tofi, ban taɓa ganin wanda ake aunawa da layi ba. Tofi kake so ko rijiya zan cika maka?"

"Ciwon ne ya yi nisa, Baba. Ba na iya zama a kan babur."

Tausayi ya kama Sidi. Ya karanto duk addu'ar da ya sani, ya koma farko, ya sake. Da maƙogwaronsa ya bushe, Gwadabe ya shiga ba shi labarin tsamiya da lemon tsami da ɗanyen mangwaro, don yawu ya taru. Sai da rana ta fara zafi kafin abu ya taɓa layi. Sidi ya jingina da bango yana haki, kamar wanda ya yi noman kadada.

"Allah ya ba ka lafiya. Amma in ya dawo, ka je asibiti."

Gwadabe ya toshe kwalba, ya kai wa Dakta da hannunsa, yana tafe yana rangaji.

Bayan wata biyu sakamako ya fito. Dakta Zakari ya bi masu shi ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowa nasa a cikin ambulan a manne, don kowa sirrinsa ne. Da ya zo shagon turare, ya miƙa wa Gwadabe nasa, amma bai tafi ba.

"Alhaji, ina so mu keɓe, akwai maganar da ya kamata mu yi mu biyu."

Ina. Gwadabe ya riga ya farke ambulan. Idonsa ya sauka a kan J, ƙato, baƙi wuluk. Ya yi tsalle ɗaya, kwalaben turare suka ce kacau.

"Alhaji, ka saurare ni minti biyu."

"Dakta, ranar Asabar za ka yi magana, a gaban duniya. Shukran. Shukran."

Ranar Asabar bayan azahar aka toshe layin tsohon gida. Rumfa uku, kujerun roba, tukwanen shinkafa, dabino a faranti. An rataye ƙyalle daga wannan katanga zuwa waccan, an rubuta J da girman ƙofar gari, a ƙasa kuma "Sidi Gwadabe Albagadadi". An ɗaura lasifika biyu, ɗaya tana kallon titi, ɗaya an juya ta cikin tsohon gida, don mata su ma su ji da kunnensu. Sidi Hamuda ne babban baƙo, an zaunar da shi a kujera mai laushi, babban ɗansa a gefensa. Gwadabe ya fito cikin jallabiya fara da igiyar nan baƙa da Larabawa ke ɗorawa a ka, yana ƙamshi kamar an fasa shagonsa.

Ya yi jawabi. Raƙuma suka kai dubu uku. Sannan ya jawo Dakta Zakari, wanda ya zo ba da son ransa ba, ya manna masa makirufo a baki.

"Dakta, faɗa musu. Mene ne harafina?"

"Abin da aka samu a kwalbar da ka kawo, J ne."

"Kun ji. Daga uwa ake samunsa ko daga uba?"

"Daga uba kaɗai."

"Maimaita, akwai wanzamai a wurin."

"Daga uba kaɗai."

"Yana canzawa a hanya?"

"Harafin uba shi ne na ɗansa. Ba ya sauyawa."

"To wanda ya ce ni ba Balarabe ba ne, ya je ya yi da injin Turawa."

Aka yi tafi. Sabitu ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

Can daga bayan rumfa wani ya miƙe. Malam Inusa ne, daga karofi ya zo, ko riga bai sauya ba. Ya ratso kujeru a hankali, yana zaro wata ambulan daga aljihu, duk shuni ya ɓata gefenta.

"Dakta, ni ma ka zo wurin aikinmu ka karɓi nawa. Ka ba ni wannan, ni kuwa ba na karanta boko, na ajiye. Tunda yau ranar karatu ce, karanta min. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, ni ma in san garin da zan ce na fito."

Gwadabe ya yi wuf ya tari gabansa. Bai taɓa kawowa a ransa Dakta zai bi ta karofi ba.

"Yaya, abinci zai huce. A bari sai an ci."

"Shinkafa ba gudu za ta yi ba," in ji Sabitu, wanda ya farfaɗo nan take.

Dakta ya ce wannan sirrin mutum ne, gara a karanta a gida. Inusa ya ce sirrinsa ne, kuma ya yafe. Jama'a suka ce a karanta. Dakta ya share gumi, ya buɗe.

"Malam Inusa, naka R ne."

"Su wa ke nan?"

"Gida ne babba. Ana samunsa sosai a cikin Hausawa da al'ummun da ke kewayen Tafkin Cadi. Kuma reshe ne na wani tsohon gida da Turawa da yawa suke ciki, sai dai an rabu shekaru dubbai da suka wuce."

Inusa ya dubi shuɗɗan hannuwansa. "Ikon Allah."

"Gida ya yi albarka," in ji Sabitu. "Wa Bature, ƙane Balarabe."

Aka fashe da dariya. Dariyar ta yi sama, ta tsaya, sannan ta fara sauka da kaɗan-kaɗan, domin kowa ya tuna abin da aka sa Dakta ya maimaita sau biyu a lasifika. Daga uba kaɗai. Ba ya sauyawa. Wani ya ajiye cokali. Wani ya yi tari. Cikin gida, inda hayaniyar mata take tashi tun safe, ya yi tsit.

Sidi Hamuda bai fahimci dalilin shirun ba. Ya ga dai ana fito da takardu, sai ya laluba aljihun jabbarsa.

"Ni ma yaron nan ya ba ni irinta. Ya zo ya wahalar da ni da auduga a baki."

Ya miƙa wa babban ɗansa. Shi kuwa ɗan boko ne, ma'aikacin banki. Ya buɗe, ya ga J. Ya ɗaga kai ya dubi takardar Gwadabe da aka sa a gilashi aka jingine a kan tebur. A ƙarƙashin harafin akwai jerin lambobi. Ya bi su da yatsa, layi bayan layi, nan da can, har ƙasa.

"Dakta, lambobin nan iri ɗaya ne. Ko ɗaya bai bambanta ba. Me hakan yake nufi?"

Dakta ya kawar da kai.

"Dakta, tambayarka nake yi."

"Yawanci, sai a tsakanin uba da ɗa, ko 'yan'uwa na kusa ƙwarai."

Ɗan Sidi ya cire tabarau. Ya dubi katangar da ta raba gidansu da gidan su Gwadabe. Jama'a su ma suka dube ta, kamar yau aka gina ta. Sannan ya juya wajen tsohon.

"Baba, wai mu nawa ne?"

"A'uzubillahi," in ji Sidi, carbi ya faɗi daga hannunsa.

Dakta Zakari ya ga abin zai zama wuta, ya yi maza ya ɗauki makirufo.

"Jama'a, a yi hattara. Ana samun kuskure. Wataƙila kwalabe ne suka cakuɗe. Alhaji, ai kai ma za ka yarda kuskure ne, ko?"

Ga ƙofa an buɗe masa, faffaɗa, har da tabarma. Abin da ya rage kawai ya ce e. Gwadabe ya ɗaga kai ya dubi ƙyallen nan, ya dubi J ɗin da ya kai ƙofar gari, ya tuna shinkafa buhu biyu, ya hango Sabitu yana murmushi. Shekara talatin yana jiran harafin nan.

"Babu wani kuskure," in ji shi. "Da bakina na tofa, da hannuna na toshe."

Sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga cikin zaure. Sanda ce. Inna Yahanasu ta fito, lulluɓe da mayafi, ba ta kalli kowa ba. Maza suka dare, aka ba ta hanya. Shekara ashirin rabon da a gan ta a taron maza. Ta tsaya a gaban tebur, kanta bai kai kafaɗar Gwadabe ba, amma shi ne ya koma ƙarami.

"Na ji komai, tunda ka juyo min da lasifika har ɗaki. Shekara arba'in da biyu na zauna da ubanku. Ko muryata maƙwabta ba su sani ba sai da ya rasu. Yau ka tara gari, ka dafa shinkafa, don a zo a ji wannan?"

"Inna, ba haka ba ne, ilimi ne na zamani, ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Ko takardar nan ta yi ƙarya, ko kai ka yi, ko ni na yi. Zaɓi ɗaya."



Ta juya wajen Dakta. "Ɗan nan, kana da wata kwalbar?"

"Akwai a mota, Inna."

"Ɗauko."

Aka kawo. Ta karɓa ta danƙa wa Gwadabe.

"Tofa. A nan, a gabana, a gaban wanka, a gaban mutanen da ka tara."

"Inna, a gidanmu ba a..."

"Ni ce gidanku. Tofa."

Gwadabe ya kai kwalba baki. Mutumin da yake magana daga la'asar zuwa magariba ba ya neman ruwa, yau bakinsa ya bushe ƙamas kamar tsohuwar fata. Ya motsa harshe. Ya matse kumatu. Ya ce tuf, iska ce ta fito. Ya sake, ko ɗigo.

"A kawo masa tsamiya," in ji Sabitu.

Kalmar tsamiya ce ta sa Sidi Hamuda ya ɗago. Ya gyara tabarau, ya miƙa wuya, ya ƙura wa 'yar kwalbar ido. Makirufo yana ajiye a kan tebur daidai gabansa, ba wanda ya kashe shi.

"Tsaya. Wannan ba irin kwalbar nan ba ce mai layi? Wadda ka kawo min da sassafe, ka hana ni shan shayi, ka sa na yi ta tofi har na kusa suma, ka ce maganin basir ɗinka ne mai tsiro?"

Lasifikar titi ta kai maganar har bakin kasuwa.

Sai wani ya ce ƙit a bayan rumfa. Daga nan wuri ya ɓarke da dariya. Sabitu ya faɗo daga kujera yana dukan ƙasa. Cikin gida mata suka ɗauki guɗa. Ɗan Sidi ya mayar da tabarau yana ajiyar zuciya, Malam Inusa kuwa ya zauna ya jawo farantin shinkafa. Igiyar kan Gwadabe ta zame ta sauko masa wuya, bai ko gyara ta ba.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta jira har wuri ya lafa. Sannan ta ɗauki takardar nan mai gilashi daga kan tebur, ta manna masa a ƙirji.

"Wata tara na ɗauke ka, ban ji raƙumi ko ɗaya ya motsa a cikina ba. Duk Larabcin da ka mallaka a duniya bai cika cokalin shayi ba, shi ma na aro ne. Ga mai shi nan a zaune. Durƙusa ka mayar masa da kayansa."